Injin da Aka Zaɓa a Sikelin Gwaggo

Sharja, 9 ga Satumba

Zuwa ga ɗan gwaggona Zahran, Abu Hilal, a Bidiya ta ƙasar Oman.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Yaya gwiwar Gwaggo Shamsa? Hamud direba ya ce mini ta koma yin salla a zaune. Ka gaishe ta, ka ce mata man da na aiko bayan wanka ake shafa shi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi, su kuwa ba baƙi ba ne. Dabinon da ka ba Hamud ya iso. Na yi kuskuren buɗe shi a yadinmu na injuna, kafin la'asar sai ƙwallaye.

Takardarka ta same ni ranar Talata. Ka ce kana son cire injin a-kori-kurar da marigayi Baffa Sulayyam ya bari, ka sa mata injin Japan mai silinda shida, ka ɗaura masa babban turbo mai cusa wa inji iska, ka hau da ita babban tudun rairayi a gasar Janairu. Ka ce in zaɓa maka tsakanin ƙirar farko da ƙirar baya, kuma in amsa a rubuce, wai a waya ba na cewa komai sai "to" da "Allah ne masani". Gaskiyarka.

Kwana uku na yi a kan maganar. Ga abin da na kwafo daga littafina.

Ƙirar baya tana da abin yabo da yawa. Ta fi ƙuruciya da shekaru, don haka ba ta sha wuya ba. Tana da na'urar da ke daidaita buɗewar bawul, shi ya sa take tashi da ƙarfi tun daga ƙasa, kuma ka san a rairayi wanda bai tashi da wuri ba ya nutse. Ba ta shan mai sosai. Kayanta a ko'ina suke, har kantin Ibra. A yadinmu akwai bakwai, duk fes, kamar yau aka sauke su daga jirgi. Na tayar da biyu na kara kunne, ko tari babu. Ka kuma ce Bakhit bakanike yana da irinta a garejinsa nan kusa da kai, ba sai an yi dakon komai ta kan iyaka ba. Wannan ma abin dubawa ne.

Ƙirar farko guda ɗaya tak ta rage mana, a ƙuryar yadi ƙarƙashin tamfol. Baƙa ce wuluk, tana yoyon mai ta murfi, wayoyinta sun bushe. Na kwance kaskon baƙin mai na duka biyun, na auna konrod, wato sandar da ke riƙe fistin, sau uku uku. Ina cikin awon Haji Gul mai yadin ya tsaya a kaina ya ce, "Marhun, injin nan sayar da shi za mu yi, ko aurensa kake nema?" Na ce masa ko auren ne ai sai an bincika asali. Sandar ƙirar farko ta fi kauri. Wasu na cewa siririyar ba ta jure iskar babban turbo, amma na ji wani a Ajman da ya ce tasa ta yi shekara ba ta yi komai ba, ko da yake ban ga motar da idona ba.

To ka ji. Kowacce da nata. Ba na son in ɗora maka ra'ayina a kan motar mahaifinka. Ka duba, ka yi istihara, Allah Ya zaɓa mafi alheri.

Ɗan kawunka,
Marhun

Bidiya, 16 ga Satumba

Zuwa ga ɗan kawu Marhun, Abu Yaƙub.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta ce man ya yi amfani, amma warinsa ya kori kyanwarta daga ɗaki. Hilal ya fara makaranta, kuka biyu ya yi ya haƙura.

Na karanta takardarka a majalisa, ɗakinmu na baƙi, a gaban Bakhit. Da na kai ƙarshe ya ce, "To wanne ya ce?" Na juya bayan takardar ko akwai saura, babu. Na san halinka, ko ruwa aka tambaye ka kana so sai ka ce bari ka duba littafi. Don haka muka yi dabara. Muka ƙirga layuka. Ƙirar baya ta sami goma sha tara, duk yabo. Ƙirar farko ta sami takwas, a ciki har da zagi da labarin Haji Gul. Bakhit ya ce mutum ba ya ɓata tawada a kan abin da ba ya so. Na ce haka ne, kunya ce ta hana shi faɗa.

Saboda haka na ɗauki ta garejin Bakhit. Gobe za mu sauke tsohon injin Baba. Na gode, ka hutar da ni, ka kuma hutar da Hamud dakon ƙarfe.

Mutanen Mintirib, abokan hamayyarmu a gasar, sun ji labari. Sun aiko cewa in taho da igiya, don a ja motar Baba zuwa gida. Ka taya ni addu'a in ba su kunya.

Naka,
Zahran

Sharja, 29 ga Satumba

Zuwa ga Abu Hilal.

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, da Gwaggo da ɗan makaranta. Ni lafiyata ƙalau, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Takardarka ta yi kwana goma sha biyu a motar Hamud, ƙarƙashin darduma. Yau da safe ya miƙo mini ita yana dariya, wai ya same ta ne yana neman carbinsa. Na karanta a tsaye. Na kira wayarka sau biyu ba ta shiga, na san kana cikin rairayi wajen raƙuma. Don haka na roƙi Hamud ya jira ni awa ɗaya.

Zahran, ƙirar farko. Baƙar, mai yoyon mai. Ita nake nufi, ita zan sa da motar tawa ce. Ga shi na faɗa.

Layukan da kuka ƙirga gaskiya ne duka, amma gaskiyar motar zuwa kasuwa ce. Kai ba kasuwa za ka ba. Za ka cusa wa injin iska ninki biyu na abin da aka gina shi dominsa, ka taka shi har ƙasa a tsakiyar tudu, inda babu wurin sassautawa. A nan ba murfi mai ƙyalli ke riƙe mota ba, sanda shida ne a cikin duhu. Idan siririyar ta lanƙwashe, ba tsayawa kawai injin zai yi ba. Za ta ɓalle ta huda cikinsa, mai ya zubo a kan ƙarfe mai zafi, kai kuma kana ciki, mota tana kallon sama.

Na san laifina ne. Na sa babbar magana a ƙarshe, na kuma lulluɓe ta da mutumin Ajman. Bari in gaya maka dalili, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ina sabon zuwa Sharja, Baffa ya ce in zaɓa masa inji don farar motarsa ta da. Na zaɓi wanda ya fi kyau a ido, na ce masa, "Wannan, Baffa, ko shakka babu." Wata biyu ya buga a hanyar Sinaw, da awaki tara a baya, ranar kasuwa. Baffa bai ce mini uffan ba har ya koma ga Allah. Da ya zage ni da na warke. Tun ranar na sayi littafi, nake rubuta kowane inji da ya ratsa hannuna, na kuma daina cewa "ko shakka babu".

Na haɗo maka ƙunshi a cikin jarida. Sanda uku ne. Mai jan zare ta ƙirar farko ce, mai farin zare ta ƙirar baya. Ta ukun, wadda ta lanƙwashe kamar lauje, daga kwandon shararmu na tsinto ta, ita ma ta ƙirar baya ce, daga motar wasu samari da suka sa mata turbo bara. Ka riƙe su a hannunka. Ba sai ka yarda da ni ba.

Idan ban makara ba, ka dakatar da Bakhit.

Marhun

Sharja, 20 ga Oktoba

Zuwa ga Abu Hilal.

Assalamu alaikum. Ina gaida Gwaggo da kowa. Zafi ya fara sauka a nan, har muna shan shayi a waje bayan la'asar.

Mako uku ke nan. Hamud ya rantse a hannunka ya sa ƙunshin. Na tambaye shi me ka ce, ya ce ba ka ce komai ba, kuma ya ga a-kori-kurar a garejin Bakhit da sabon inji a ciki, an riga an yi walda. Wayarka yanzu tana shiga, ba a ɗauka.

Na sake karanta kwafin takardata sau da yawa. Wataƙila maganar wuta ta yi tsauri. Wataƙila kuma bai kamata in ambaci Baffa ba. Idan na ɓata maka rai ka yafe ni. Amma na sake awon jiya, ban sami abin janyewa ba.

Wasu 'yan Kuwait sun zo neman ƙirar farko. Haji Gul ya ɗaga tamfol, ni kuma na shiga nuna musu inda take yoyo, da wayoyin da suka bushe, har suka ce za su yi shawara. Bayan sun tafi ya dube ni ya ce shekara goma sha ɗaya ina masa aiki, yau ne ya ga na kushe kayansa da zuciya ɗaya. Ya ce zai riƙe mini injin zuwa ƙarshen wata. Ranar Asabar ta sama za su dawo.

Ko "a'a" ce, ka aiko mini da ita.

Marhun

Bidiya, 25 ga Oktoba

Zuwa ga ɗan kawu Marhun.

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Kyanwa ta dawo.

Eh, na yi fushi. Ina ganin kiranka ina kifa wayar. Kwana goma muka yi ni da Bakhit muna zaunar da injin nan, mun yanka, mun yi walda, mun ja waya, mun tayar da shi yana kuka kamar zaki, sannan ga Hamud da jaridarka. Na jefar da ƙunshin a bayan ƙofar majalisa. Na ce mutumin da bai iya cewa eh ko a'a ba sai an gama aiki, ya riƙe ƙarafansa.

Shekaranjiya Inna tana shara ta same shi. Ta tambaye ni mene ne, na gaya mata a taƙaice, don in huta. Sai ta aika a ɗauko mata sikelinta mai faranti biyu, wanda take auna lubban da gahawa. Ta sa mai jan zare a dama, mai farin zare a hagu. Dama ya sauka har ya bugi tabarma. Sai ta jawo kwanon dabino tana ɗorawa a hagu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta sa tara kafin suka daidaita.

Ta ce, "Guda nawa ne a cikin motar?" Na ce shida. Ta ce, "To ƙarfen dabino hamsin da huɗu aka rage maka, kai kuma kana murna an wanke maka murfi." Sannan ta ɗauki lanƙwasasshiyar ta juya ta, ta ce idan da wannan zan hau tudu, in fara kai ta gidan ƙanwarta a Ibra, don ba za ta zauna tana jin ƙarar daga tsakar gida ba.

Na kai wa Bakhit labari, ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya ce shekara ashirin yana kanikanci, ba a taɓa kayar da shi da dabino ba. Jiya muka sauke injin. Zai sa shi a motar surukinsa, mai zuwa kasuwa.

Ka ba Hamud baƙar. Ka ce wa Haji Gul na gode, akwai halwa, alewarmu ta nan, a hanya.

Sauran magana biyu. Ta farko, na karanta wa Inna abin da ka rubuta a kan Baba. Ta riƙe baki. Ta ce Baba bai yi maka magana ba ne don ba shi da abin faɗa. Da motar ta buga a hanyar Sinaw, a nan kasuwar ya rabu da ita ya dawo da raƙuma guda, Samha, wadda kai ma ka sha nononta. Ya sha cewa da ba don injin Marhun ba da har yanzu yana fama da taya da lagireto. 'Ya'yan Samha da jikokinta bakwai ne a garke yanzu. Inna ta ce in gaya maka kai ka ɗauki kayan da mai shi ya sauke tun a Sinaw.

Ta biyu, tunda ka iya magana yanzu, sai ka zo ka tsaya a bayanta. Ranar gasa ina son ka a gindin tudu. Kada ka ce sai ka duba littafi.

Naka,
Zahran

Sharja, 22 ga Janairu

Zuwa ga ɗan gwaggona Zahran, Abu Hilal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na iso lafiya ranar Lahadi, Hamud bai tsaya ko'ina ba sai salla. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata busasshen kifin ya iso, kuma a ɗakina na buɗe shi ba a yadi ba. Har yanzu rairayin Bidiya na fita daga kunnena.

Furofela, wato sandar da ke juya tayoyin baya, ta ƙirar motar ɗaukar ruwa za ka sa, mai kaurin. Ita ce amsar tambayar da ka yi mini a bakin mota. Na sa ta a sama don kada ku sake ƙirga.

Ka ce in rubuto maka abin da na gani daga ƙasa, tunda kai ba ka ga komai ba sai sama da ƙura. Ga shi daga littafina.

A hawa na farko ka tsaya ƙasa da tuta da kamar tsawon mota huɗu, ka gangaro da baya. Wani dattijo daga Mintirib ya ɗaga igiya yana kaɗawa, mutanensa suna tafi. Ni ba tudun nake kallo ba, kunne na kasa. Da ka sauko na sa Bakhit ya buɗe, na duba mai, na shinshina shi, na ɗora tafin hannu a murfi. Ka tambaye ni ko a ƙara wa injin iska. Nan take na tuna hanyar Sinaw da awaki tara. Sannan na ce a ƙara, zai ɗauka. Bakhit ya kalle ni ya ce, "Wannan kuwa Marhun ɗin takarda ne?"

A hawa na biyu ban numfasa ba. Injin ya ja tun daga gindi da murya ɗaya, bai yi gargada ba, bai canja ba. Na ga tayoyin baya suna watsa rairayi sama da tsawon bishiyar dabino, na ga ka wuce inda ka tsaya, na ga tuta ta koma bayanka. Hancin motar Baffa ya leƙa bisa tudun. Sai na ji ƙara, ƙarfe ya karye.

Ba zan ɓoye maka ba, durƙusawa na yi a kan rairayi. Na ce shi ke nan, na sake. Amma ina durƙushen na ji wani abu: injin yana ci gaba da kuka a can sama, lafiya lau, shi kaɗai. Bakhit ya dafa kafaɗata ya ce furofela ce ta murɗe, injin ya fi ƙarfinta. Ka ce da ka leƙo ka hango ni ka zaci sujada nake. Bar shi a hakan.

Na uku ka zo a ajinku, kuma da igiya aka jawo motar gida. Igiyar dattijon nan ce ma, shi ya ɗaura da hannunsa, yana cewa tunda ya kawo ta ba za ta koma banza ba. Ya tambaye ni wane inji ne, na gaya masa. Ya ce wa ya zaɓa, na ce wata tsohuwa ce a Bidiya, da sikeli.

Da na je sallama Gwaggo ta kai ni garke ta nuna mini jikokin Samha ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Ta ce ƙaramar, mai farin goshi, ba a sa mata suna ba tukuna, in zaɓa. Na buɗe baki zan ce kowanne ma ya yi, ta ɗaga mini yatsa. Na ce Sinaw. Ta ce ya zauna.

Haji Gul ya ci halwarsa, ya ce 'yan Kuwait sun dawo sun tarar da tamfol babu komai, ya faɗa musu an yi wa injin aure a Oman.

Game da furofela, na rubuta shafi huɗu a littafina, da abin yabo da abin kushe na kowacce, har da wani a Ajman da ya ce siririyar ta ishe shi. Ba zan aiko maka da su ba. Mai kaurin. Hamud zai taho da ita ranar Alhamis, na kuma ce masa takardar nan a aljihun gaba zai sa ta, tare da carbinsa.

Ɗan kawunka,
Marhun